Keken Ndako Mai Ninkewa

Shekara ashirin da uku Ndako ya yi yana gyaran injin niƙa a ƙauyukan bayan Kuta. A unguwar Limawa, cikin birni, yake zaune. Duk Talata zai turo baƙin kekensa tasha, a ɗaure shi a saman bas, in an sauka Kuta ya hau ya shiga daji. Akwatin sifana da farantan ƙarfe na injin yana ɗaure a kariyar bayan keken. Keken ya fi ɗan akuya nauyi, bai kuma taɓa ba shi kunya ba. Matan ƙauye da sun hango shi sun san yau an huta da turmi.

Sai manyan bas suka yi ta raguwa, ƙananan motoci suka cika tashar. Ba su da inda za a ɗaure keke.

"Baba Ndako, wannan raƙumin naka sai tirela," in ji Tsado direba. "Ko in cire kujerar gaba in zaunar da shi, kai ka biyo mu a ƙafa?"

Wani lokaci sai azahar yake samun mota. Ya isa ƙauye a makare, masu injin suna masa kallon malalaci, shi da bai taɓa fashin aiki ba.

Sheshi, ƙanin matarsa mai sayar da kayan gwanjo, shi ya kawo masa mafita: ɗan keke mai ninkewa, tayoyinsa kamar faifai.

"Yaya, ka ninke shi kamar tabarma, ka jefa a but ɗin mota. Turawa har jirgin ƙasa suke shiga da shi."

"Zai ɗauki ƙarfe?"

"Har kai da ƙarfen!"

Ndako ba mai yarda da daɗin baki ba ne, amma jiran mota ya gajiyar da shi. Suka yi musaya. Kafin sati, wani mai kai madara ya saye babban keken a hannun Sheshi.

Talatar farko aka ninke ɗan keken, aka kwantar a but. Abin da Sheshi bai sani ba, a tashar nan abin da ya fara shiga but shi ne shimfiɗa. Damina ta kawo kai, kowa da takinsa. Buhu shida aka jibga a kai, aka ja murfin da igiya.

Da suka isa Kuta ya buɗe keken, ya ƙi miƙewa. Mahaɗar tsakiya ta lanƙwashe.

"Tsado, dubi abin da kuka yi."

"Haba Baba, ai na ɗauka gadon asibiti ne ka sayo a bola. Da ka ce keke ne!"

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Ndako ya ɗauki kekensa. Ya zaga masu gyaran keke uku, ba mai irin mahaɗar. Ebenezer mai walda ya buge ta da guduma ya liƙe ta gaba ɗaya.

Yanzu keken ba ya ninkewa, ba ya shiga but. Ya ɗora masa akwatin, tayar baya ta nutse a yashi kafin ya fita gari. Ranar bai kai ƙauye ko ɗaya ba. Bayan sati uku masu injin suka kira wani mai gyara mai babur.

Ndako yana nan a Limawa, yana gyaran injin markaɗen unguwa in an samu. Sheshi ya ce laifin lodi ne. Tsado ya ce laifin keken ne.