Baba Kar-a-Motsa Zai Rataye Kyamara

Da hantsi yake buɗe shagon, ya janyo kujerarsa bakin ƙofa, ya ɗora kyamara a cinya yana goge gilashinta da wani ƙyalle mai laushi. Batir na kan caji, jaka a shirye, kamar wanda ake jira a gidan biki. Alhali ba mai jiransa. Ciwon ido ya cinye ganin Baba Kar-a-Motsa, ƙarshen watan nan kuma zai miƙa makullin shagon.

Sunan ya samo shi ne a bakin aiki, don bai taɓa danna kyamara ba tare da ya faɗi wannan kalma ba. Rabin ma'auratan unguwar nan shi ya ɗauki hoton aurensu, har ya zo ya ɗauki na 'ya'yansu. Telan da ke jikin shagonsa ya ce bai taɓa ganin ya saita fitilar kyamara, wato filashi, a fuskar amarya ba. Sama yake juya kan fitilar, hasken ya bugi silin ya sauko a hankali, ya kuma ɗaura ɗan farin kwali da roba don idanu su yi ƙyalli. Amarya baƙa kuwa da launinta yake fito da ita, ko da farar rigar za ta ƙone a hoton.

"Ni fuska nake aunawa," in ji Baba. "Riga ta tela ce, shi ya ji da ita."

Baba, kai ne mai neman tsofaffi a bayan zaure tun kafin ka waiwayi ango. Gidaje nawa ne hoton ƙarshe na kakarsu ya fito daga hannunka? Ba ka taɓa yi wa kowa gori ba.

Sai dai a gidansa akwai mutum ɗaya da kyamarar ta tsallake, wato matarsa. Duk sanda ta ce ya ɗauke ta, sai ya dubi taga ya ce, "Hasken yau bai yi ba. Ke ai ta gida ce, bari mu samu rana mai kyau." Ba rowa ba ce, so yake nata ya fi na kowa. Haka shekaru suka yi ta tafiya, har ciwo ya kwantar da ita, shi kuma duniya ta zama masa hazo.

Da bikin autarsu ya zo, yaran suka ɗauko wani mai hoto, suka ce Baba ya zauna ya huta. Ya zauna ɗin, amma da jakarsa a ƙarƙashin kujera. An kawo uwar amarya a keken marasa lafiya, ta rame, kowa a zauren ya san abin da likita ya faɗa. Ana tsaka da hidima ya laluba hannun 'yarsa.

"Auta, kai ni wajen Mamanku."

"Baba, ai an ɗauke mu tun ɗazu."

"An ɗauke ku. Ni ban ɗauka ba."

Ya tambayi yadda silin yake, aka ce masa yana da tsawo, kuma baƙi ne. Haske ba zai dawo daga can ba, idon marar lafiya kuma ba zai jure filashi kai tsaye ba. Sai ya sa aka yaye farin mayafin wani tebur, ango da wansa suka riƙe shi a gefe kamar masu shanya. Ya juya filashin ya fuskanci mayafin. Ya taɓa kuncin matarsa da yatsa, ya ja da baya a hankali yana auna tazarar da ƙafarsa. Lambobin kyamarar ba ya ganinsu, da babban yatsa ya yi ta murzawa yana sauraron ƙarar, ya buɗe idon kyamarar sosai don ta sha haske.

"Oh ni," in ji matar, muryarta da ƙyar take fita. "Sai da ka daina gani ka samu hasken?"

Zauren ya yi dariya, wasu na share hawaye. Amarya ta durƙusa ta jingina kanta a kafaɗar uwarta. Ya danna sau ɗaya, ya sauke hannu.

Matar tasa ba ta kai ƙarshen wannan shekarar ba. Allah ya jiƙanta.

Baba, mun gode. Mun gode da iyayenmu da ka ajiye mana a bango, da amaren da ka fitar da su yadda Allah ya yi su. Masu riƙe da kyamara a yau, ku je ku zauna da shi tun yana iya nuna muku da hannu. Ku koyi tausaya wa fuska, kuma kada ku bar na gida sai gobe.

Hoton yana rataye a ɗakinsa, babba, daidai kan gadonta. Duk wanda ya gani ya ce bai taɓa ɗaukar kamarsa ba. Shi kaɗai ne bai gani ba. Ranar da muka je gaishe shi, bai bari mun gama zama ba ya nuna wajen bangon.

"Ku duba mini. Akwai inuwa a ƙarƙashin idonta?"

Muka ce babu.

"Kyamara take kallo, ko Auta?"

"Kai take kallo, Baba."

Sannan ya gyara zama ya ce, "To ku faɗa mini sauran. A hankali."