Yadda Na Goge Muryar Kakata da Hannuna

Edita, assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru, ni saurayi ne da ya dawo Tanut daga Damagaram da takardar koyon ordinater, wato kwamfuta, ta wata uku, amma in ka ga tafiyata sai ka rantse ni na ƙera injin. Ba na amsa tambaya sai na yi tsaki. Duk wanda bai san inda ake kunna ta ba baƙauye ne a wurina, ko da ya girmi ubana. In na tuna kaina a lokacin, ko ɗigon tausayinsa ba na ji, haushi kawai.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya ajiye aiki. Shekaru ya yi yana bin ƙauyuka tsakanin Gangara da Tarka a kan tsohon motonsa mai ƙafa biyu, yana naɗar muryoyin tsofaffi: wa ya haƙa wace rijiya, ina burtali ya bi kafin gonaki su cinye shi, wane gida ya fara sauka a wane tudu. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, har da mahaifiyarsa, wato kakata. Duka aikin yana cikin ƴar ordinater ɗinsa, babu kwafi a ko'ina. Da ta fara nauyi, ya ce zai kai ta Damagaram a duba. Na yi masa dariyar raini, na ce wannan ai aikin kafin la'asar ne, sabon sistem, wato manhajar da ke tafiyar da inji, kawai zan zuba mata daga kile, ɗan abin nan da ake soka wa inji a gefe. Sau biyu ya tambaye ni muryoyin fa. Na kwafe su cikin kilen a gabansa, na nuna masa, ina jin haushin ɓata mini lokaci da yake yi.

Sai injin ta ƙi tashi daga kilen. Baƙin allo kawai, da layi ɗaya mai cewa ba ta ga inda za ta tashi ba. Na sauya ramin da na soka kilen, na shiga saitin cikinta na birkita abin da na sani da wanda ban sani ba, shiru. Kwana uku ina zufa ina ɗora wa injin laifi, alhali wautata ce: na jefa sistem ɗin cikin kile kamar mai tura waƙoƙi, ban shirya shi yadda zai tada inji ba. Da ta ishe ni, na lallaɓa kasuwa wurin wani mai gyaran wayoyi, irina a cika baki. Ko kallona bai yi ba, ya ce sai an shirya kilen da wata manhaja, ya tura mini ita. Bai tambayi abin da ke ciki ba, ni ma girman kai bai bar ni na faɗa ba. Manhajar ta rubuto gargaɗi ƙarara da Faransanci cewa za ta share duk abin da ke kan kilen. Ni mai taƙama da Faransanci ban karanta ba, na danna na wuce.

Nan take injin ta tashi. Don murna na share cikinta kakaf, tunda a ganina ajiyar kawu na kan kile. Sai da na gama na buɗe kilen in mayar da muryoyin, na tarar babu ko ɗaya. Na kai injin da kilen Damagaram ɗin da na raina, masu aikin gaskiya suka yi iya yinsu. Abin da suka tsamo guntu ne ɗaya tak: kakata tana gyaran murya, tana tambaya ko abin ya fara ɗauka. Daga nan ya yanke.

Kawu bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya saurari guntun sau uku, ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, ya rufe injin.

Abin da na koya shi ne jahili mai tambaya ya fi irina daraja nesa ba kusa ba. Ku masu takardar wata uku, ku karanta abin da inji ta rubuto kafin ku danna, kuma kada ku ajiye amanar mutum a kan kilen da za ku yi aiki da shi. Ku kuma masu ajiya, ku kwafe ta wuri biyu kafin ku miƙa wa mai baki. Kawu ya koma bin ƙauyuka da motonsa. A yawancin gidajen, gaisuwar ta'aziyya yake yi ya juyo.