Tsibirin da Iya Ta Zata Gishiri Ne

Mahaifiyata ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa gishiri a Awe. Ta kankare ƙasa, ta tace, ta yini gaban wuta har idanunta suka dushe. Da gishirin nan ta yi mana makaranta, kuma ba ta bari mu manta.

Bayan ta tsufa na dawo da ita wurina a Lafia. Ni kuwa ina da wata jaraba ta kallon taswira a waya. Wata ranar Asabar muna inuwar mangwaro na ci karo da wani tsibiri can ƙarshen duniya ta kudu, fari fat, babu ko bukka. Tsohon dutse ne mai aman wuta da ya mutu, teku ya kewaye shi. Matuƙin jirgin ruwan da ya fara hango shi cikin hazo ya rubuta wurin ba daidai ba, waɗanda suka biyo baya suka yi shekaru suna nema kamar an ɗauke shi. Da aka same shi ma, sauka ta gagara saboda gaɓarsa a tsaye take kamar katanga. Na miƙa wa Iya wayar.

Ta kai ta dab da ido.

"Wannan duka gishiri ne?" in ji ta. "A zube haka, ba mai shi? Kai, kar ka nuna ma matan Awe. Ashe wahalan banza muka sha."

Na so in yi dariya, sai na ga hawaye. Tausayinta ya kama ni.

"Iya, ƙanƙara ce. Irin ta firji, amma ta fi tsaunin Eggon kauri a idona. In an narkar da ita sha ake yi, ba ɗanɗanon gishiri ko kaɗan."

"To gishirin fa?"

"Yana cikin tekun, ko'ina."

"A cikin ruwa? Sai an dafa kenan?"

"Sai an dafa, Iya."

Ta ce Allahu Akbar har sau uku. Ta sake duban farin dutsen nan da ba wanda ke kwana a kansa, sannan ta goge ido da bakin zani, ta gyara zama.

"Shi ya sa ba kowa a wurin," in ji ta. "Ba itace. Da me za su dafa?"