Takardar da Kika Bari a Durowa

Yaya, yau kwana tara ke nan da rasuwarki. Ranar Talata, sha huɗu ga wata, ana tsaka da aiki aka kashe kekunan ɗinki duka, mataimakinki ya tsaya a tsakiyar zaure ya sanar da mu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ke kika koya mini cewa ana fara rubutu da lafiyar gida, to ga ta. Malam ƙafarsa ta yi sauƙi. Jikokina lafiya lau. Ni ina nan, sai dai hawan jini. 'Yata Auta ce ba ta da lafiya: ba ciwo a jikinta, amma ba ta cin abinci, ba ta magana.

Na san ki tun kina sharar ƙyallaye a kamfanin nan, ni ina teburin guga. Ba ki fi kowa iya ɗinki ba, ke da kanki kike faɗa kina dariya. Abin da ya ɗaga ki har kujerar manaja shi ne sakin fuska. Kullum da safe kina bakin ƙofa, ki kira mutum ɗari da ashirin kowa da sunansa, ki tambayi wanda ya bari kwance a gida. Ranar da direbobi suka ƙi ɗaukar kaya, fita kika yi kika zauna kan katan a cikinsu, kina tsokanar babbansu da cewa tumbinsa ya fi motarsa lodi. Kafin azahar motoci sun tashi.

Ni kuwa ina da shekara arba'in da uku kika kama hannuna. A lokacin hutun rana, da allin tela, a kan guntun baƙin yadi, kika nuna mini baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da nake rubutawa yau naki ne.

Shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Shekara shida Auta tana sashen yanka, ba ta taɓa ɓata yadi ko ɗaya ba. Sau uku kika dafa kafaɗata kika ce in kwantar da hankalina, in kujerar shugaban sashen ta samu, tata ce. Da muka ji an ce wata za a ba, na tafi ofishin mataimakinki na zarge shi da ɓoye wasiyyarki. Bai yi fushi ba. Ya jawo durowarki ya miƙo mini takarda, ya ce, "Inna, karanta da kanki."

Na karanta. Kin rubuta cewa Auta gwanar almakashi ce, amma ba ta kallon mutane a ido, ba ta san sunan na kusa da ita ba, shugabanci zai wahalar da ita. Da rubutun wani ne da na ce ƙarya ne. Amma na san yadda kike lanƙwasa wutsiyar baƙaƙenki, domin ni ma haka nake lanƙwasa nawa. Ban taɓa da-na-sanin iya karatu ba sai ranar.

Wataƙila gaskiya kika rubuta. To, me ya hana ki faɗa mini? Ke da kike iya shawo kan direba arba'in, kin kasa gaya wa mai guga ɗaya magana mai ɗaci? Da kin faɗa, da na tura ta ta tsaya kusa da ke a ƙofar nan ta koya. Yanzu a wurin wa za ta koya?

Ina ƙoƙarin yafewa, Yaya, Allah ya sani. Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da kowace gaisuwa da kika yi. Allah ya ba maigidanki da 'ya'yanki haƙurin wannan rashi.

Ke kuma babbar 'yar Yaya, da kika yi jinyarta har ƙarshe, ina roƙonki abu ɗaya. In ta ambaci Auta a kwanakin jinyar, ko da kalma ɗaya ce, mai daɗi ko marar daɗi, ki aiko mini kafin Litinin. A ranar ce Auta ta ce za ta mayar wa kamfanin almakashinsu ta bar aikin, kuma ni ba ni da abin da zan faɗa mata.