Sakiyar da Yaya Garba ya yarda aka yi masa

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Garba makwancinsa. Ya rasu a garin da ake kira Abuja, ga shi yau a Suleja nake ziyartar kabarinsa, alhali kabarin bai gusa ko taku ɗaya ba. Sunan ne aka ɗauke aka ba sabon birnin tarayya. Da yana raye ya ga manyan motocin da ke wucewa ta Madalla, da baƙin da suka cika unguwar Magajiya suna neman ɗakin haya, na san abin da zai fara tambaya: duk wannan jama'a, wa zai riƙa auna musu jini?

Aikinsa ke nan. Ma'aikacin ɗakin awo ne a asibiti, a Zariya ya koyo. Ya dawo da wani ƙaramin akwatin katako cike da 'yan gilasai, kowanne da yankin naman jiki siriri a manne, an rina shi. Wanda ya fi so shi ne na kaluluwa. Ina malamin firamare a lokacin, da ya ga na leƙo sai ya zaunar da ni gaban madubin likita.

Abin da na gani bai taɓa fita daga idona ba. Ashe kaluluwa gari ce guda. Ga katanga ta kewaye ta. Daga ciki ga wasu dunƙule-dunƙule a jere kamar rumbuna, gefensu shuɗi mai duhu, tsakiyarsu da haske. Ya ce a tsakiyar nan fararen ƙwayoyin jini ke hayayyafa, suna koyon gane cutar da ta shigo. Tsakanin rumbunan kuma ga lunguna, inda ruwan jiki ke bi a hankali, wasu manyan ƙwayoyi suna tare duk wata ƙazanta suna haɗiyewa. Shi ya sa in ƙaya ta soke ka a ƙafa, sai kaluluwa ta fito maka a gindin cinya. Masu gadi ne suka taru.

Saboda haka ba abin da ya tsana kamar sakiya. In ya ji an sa kibiya a wuta za a huda wa yaro kaluluwa, har gida yake bin iyayen. Wanzamin unguwarmu ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwarsa da sakin fuska. Ni kuwa ina bayansa, na ma fi shi zaƙewa, don ƙuruciyar boko na ɗibata.

Sai ga kaluluwa ta fito masa a wuya, ba ciwo, ba ƙaya, ba miki. Wata biyu ba ta saɓe ba, wata ta fito kusa da ita. Likita ya yanke ɗaya aka aika Zariya. Shi ma ya bi, ya dawo da allurai da ƙwayoyi, ya ce mana ana kan magani. Ya rage surutu, rigunansa suka fara yi masa yawa.

Inna, mahaifiyarmu, ta tsaya kai da fata sai an yi masa sakiya. Ta daina cin abinci sosai. Na zauna ina jira in ji yadda zai lallashe ta ya ƙi, sai na ji ya ce, "To Inna, a kira wanzamin ranar Asabar."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bi shi har ɗakin awo na wanke shi tas. Na ce ya zubar mana da mutunci, tsoro ya sa ya koma abin da yake hana mutane. Ya ɗora wani gilashi a madubin ya ce, "Malam ƙarami, zauna ka duba wannan tukuna."

Na ce, "Na gaji da kallon gilasanka." Na fita.

Ranar Asabar ƙanen Inna ne ya riƙe shi, don ni na ƙi zuwa. Hutu na ƙarewa na koma makarantar da nake koyarwa a ƙauye ba tare da na yi masa sallama ba. Ya aiko mini da wasiƙa, na ajiye sai na huce. Ban huce da wuri ba. Saƙo na gaba da ya same ni na rasuwarsa ne.

Bayan sadakar arba'in matarsa ta miƙo mini akwatin. Na kai wa abokin aikinsa, wani mutumin Jos mai suna Mista Dung. Ya zaro gilashi ɗaya mai sunan Yaya a jiki, ya ɗora, ya kau da kai. Na duba. Babu rumbuna, babu lunguna, katangar ma an keta ta. Ƙwayoyi ne iri ɗaya shimfiɗe ko'ina. Ko ni da ban yi karatun ba na gane garin ya rushe. Mista Dung ya ce sankara ce, kuma Yaya ya ga gilashin nan da idonsa tun kafin Inna ta fara maganar wanzami. Ya san kibiya ba za ta ƙara masa ba, ba za ta rage ba. Ya miƙa wuyansa ne don kada tsohuwa ta rayu da cewa akwai abin da ta bari ba ta yi ba.

Yau in aka tambaye ni abin da ya bari, ba gida ba ne, ba mota ba. Akwai iyaye a unguwar Bagama da har yanzu in kaluluwa ta fito wa yaro sai su fara duba ƙafarsa. Akwai kuma nadamata, wadda ba ta tsufa. Kullum zuciyata na yi mini ciwo cewa ya so ya gaya wa mutum ɗaya gaskiya, mutumin ya juya masa baya.

Sai kuma Inna. Duk shekara in watan rasuwarsa ya kama takan ce, "Alhamdu lillahi, ban dai zuba masa ido ba, na yi iyakar ƙoƙarina." Ni kuma in ce, "Haka ne, Inna." Tana samun barcinta lafiya. Ba ta karanta jarida, don haka wanda ya gane gidanmu a rubutun nan, don girman Allah ya riƙe bakinsa.