Leda Goma Sha Biyu Daga Kerang Zuwa Agege

Litinin

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar gidanmu da ke Agege, ko shayi ban tsaya sha ba. Ni ɗalibin ilimin duwatsu ne, shekarata ta uku ke nan ina fama da digiri na biyun da ake yi a shekara biyu. Farfesar da ke duba aikina za ta tashi ƙasar waje ranar Asabar, can inda na'urar awon duwatsu take. Ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: in duwatsuna ba su zo hannunta ranar Juma'a ƙarfe huɗu ba, sai baɗi. Duwatsun kuwa sai na je Kerang, can wajen Jos, na ɗebo su. Ni kuwa na gaji da amsa tambayar yaushe zan gama.

Motar danfo ta sauke ni tasha, na yi sallah, motarmu ta ɗaga shida da rabi. Ibadan, Akure, Okene, duk ban gan su sosai ba, idona na kan agogo. A Lokoja aka tsaya cin abinci, na haɗiye shinkafa da kifi a tsaye, ina hararar masu neman ƙari. A Abuja na kwana wurin wani abokin karatuna.

Talata da Laraba

Da azahar na isa Mangu ta Jos. Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, mai sayen dankalin Turawa yana turawa kasuwar Mile 12 ta Ikko, shi ya sauke ni. Washegari da sassafe ya goya ni a babur zuwa Kerang, inda tsofaffin duwatsu masu aman wuta suke. Mun gaida mai unguwa, ya ba mu izini. A gefen wani tsauni akwai ramin da masu ɗibar tsakuwa suka yanka, shimfiɗun toka a jere tun daga ƙasa har sama.

Kawu ya ga ina tsintar baƙaƙen duwatsu masu huda-huda, marasa nauyi, waɗanda ba su wuce ƙwan kaza ba. Ya ce, "Yanzu tun daga Ikko don wannan gawayin ka zo?"

Na fasa ɗaya na nuna masa korayen ƙwayoyi masu ƙyalli a ciki. Na ce masa tun narkakken dutse yana can ƙarƙashin ƙasa ƙwayar ta haɗiye ɗigonsa ta rufe, da ruwa da iskar da ke cikinsa. Da ya taso sama, iskar ta riƙa ficewa kamar an buɗe kwalbar lemo. Abin da ya rage a ƙwayar shi zai nuna zurfin da ya fito da saurin da ya yi. Amma sai an san wace shimfiɗa kowane dutse ya fito, shi ya sa kowace da ledarta da lambarta, ɗaya zuwa sha biyu. Kawu ya ce Allah ya ba da sa'a, da muryar wanda bai gamsu ba.

Ƙarfe biyu ya sa ni a gaban motar dankalinsa, buhuna a tsakanin ƙafafuna.

Alhamis

Malam Idi direba mutum ne da ba ya gaggawa ko a magana. Duk inda ya tsaya duba taya sai in duba agogo. A wani shinge bayan Okene masu kaki suka ce in buɗe buhu, wai ko ma'adinai na sato. Na miƙa takardar makaranta. Ogansu ya juya dutse ɗaya a hannu, ya shinshina, ya tambayi Malam Idi ko lafiyata ƙalau. Malam Idi ya ce shi ma tun Mangu yake wannan tunanin. Minti arba'in muka ɓata a wurin, sannan cunkoson hanyar Ibadan ya cinye sauran yinin.

Juma'a

Tara na safe muka shiga Mile 12. Sha ɗaya ina Agege. Na ajiye buhun a tsakar gida, na gaida kakata Inna a gurguje, na yi wanka na wuce masallaci.

Da na dawo na tarar da buhun a buɗe, ledoji takwas wayam an ninke su tsaf a kan tabarma. Inna tana ta fara'a. Ta ce ai ta raba wa maƙwabta, har da Iya mai gidan haya. Wai tun barinta Arewa ba ta ga dutsen goge kaushi mai kyau irin wannan ba.

Na zauna a kan tabarmar. Na yi mata bayani, kuma na san muryata ta fi yadda ya kamata tashi. Can ta ce, "Ai na ɗauka tsaraba ce. Duk tafiye-tafiyenka ba ka taɓa riƙo mana komai ba. Na shiga gida-gida ina cewa yau jikana ya tuna da mu."

Na ce ta bari kawai, ko an dawo da su sun riga sun cakuɗe. Ba ta saurare ni ba. Ta yafa mayafi ta fita. Ina jiyo ta a ƙofar Iya, ita Inna da ban taɓa jin ta roƙi kowa ba, tana ba da haƙuri da Yarabanci a mayar mata da kyautar da ta bayar da hannunta. Ta dawo da su a kwano, wasu da kumfar sabulu a jiki. Ban iya ce mata ba su da sauran amfani ba, na karɓa da hannu biyu.

Leda huɗun da suka tsira a ƙasan buhu na kai wa Farfesa, huɗu saura minti goma. Ta ce aikin zai ragu sosai, amma zai yiwu.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Kawu Sale da Malam Idi. Inna kuwa ban san yadda zan gode mata ba. Kwana uku ke nan ba ta fita zaman ƙofar gida da maƙwabta ba.