Ka Tafi, Tuta Tana Jiran Ɗana

Ranar tara ga wata na uku, da hantsi, mai kawo mana gawayi ya ce mini Kwamanda Geng Luka ya rasu. Zazzaɓin kwana shida ne. Na zauna a ƙasa.

Yaya Geng, ka yafe mini munin rubutuna. Ina da shekara arba'in da ɗaya matarka ta fara koya mini riƙe alƙalami, don in karanta addu'a da kaina. Kai kuma kakan leƙo ka ce, "Uwar Zhenyu, wannan harafi ne ko kaza ce ta bi ta kan takarda?"

Da mijina ya mutu a yaƙi, kai ka ɗauki ɗana Zhenyu cikin masu harba igwa. Kai ka tsaya masa ranar baftisma. Duk lokacin da za a yanka bijimi a shafa wa tutar runduna jini, kowane soja ya durƙusa mata, sai ka tura yaran da suka bi Almasihu wanke igwa a bakin teku. Ba ka taɓa faɗa musu dalili ba. Kai kanka ka tsaya ƙyam, ka ce wa gwamna, "Ranka ya daɗe, wuyana na Sarki ne, amma gwiwata tana da mai ita." Ya ƙyale ka, domin babu wanda ya iya lissafin saita igwa kamarka.

Yanzu an naɗa wani kwamanda a madadinka. Jibi za a yi yankan tuta, kuma ya ce wanda bai durƙusa ba za a sare kansa. Jiya Zhenyu ya zo, ko shinkafarsa bai taɓa ba, ya maimaita mini maganar da ka faɗa wa gwamna.

Na ce, "Kai, rufe bakinka! Shi Kwamanda Geng don ana bukatarsa aka ƙyale shi. Kai wa ke bukatarka in ba ni ba?"

Ya ce, "Mama, kada ki roƙe ni in durƙusa."

Ban roƙe shi ba. Ban kuma san me zan roƙa masa ba.

Ubangijin Sama ya ji ƙanka, ya ba ka hutawa a gabansa. Ya ba matarka da 'ya'yanka mata biyu haƙuri. In kana inda muke fata, Yaya, ka tsaya kusa da ɗana jibi, ko a tsaye yake ko a durƙushe.